Yawon wuraren tarihi ko hutun gandun daji: wanne ya fi dacewa da sabon matafiyi?

Haja biyu ce kamfanonin shirya tafiye-tafiye suka fi bajewa a gaban wanda bai taɓa fita yawon buɗe ido ba. Ta farko ita ce yawon wuraren tarihi: a kwashe ku a bas, ku ashirin ko talatin, ɗan jagora na gaba riƙe da 'yar tuta, a zagaya da ku fadoji da kaburburan sarakuna da gidajen adana kayan tarihi, yau nan gobe can. Ta biyu hutu ne a gandun daji ko kan tsauni ko bakin tafki: masauki ɗaya nesa da gari, abinci a cikin kuɗin, a fita kallon namun daji ko tattaki da sassafe da kuma yamma, sauran yinin naka ne. A takardar talla duk biyun hoton faɗuwar rana ne da mutane suna murmushi. Sai an biya an tafi ake gane cewa abin da aka saya ya sha bamban, kuma inda kowacce ke ɓaci daban ne.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne, ga sabon shiga, yawon tarihi ya fi dacewa, amma da sharaɗi: kada ya wuce birane biyu ko uku, kuma a kwana aƙalla biyu a kowanne. Dalilin bai shafi wanne ya fi daɗin kallo ba. Sabon matafiyi dole zai yi kuskure, kuma kuskure a cikin birni yana gyaruwa kafin yamma, a daji kuwa sau da yawa sai dai haƙuri.

Abin da za a fara dubawa a jadawalin yawon tarihi shi ne darare, ba ranaku ba. In an rubuta kwana bakwai, to darare shida ne. Ranar farko ta tafi a sauka daga jirgi da layin jami'an shige da fice da neman otal, ta ƙarshe ta tafi a komawa filin jirgi. Saura biyar. Daga cikin biyar ɗin a cire awannin da za a yi a kan hanya. Ɗauki zagayen nan na Indiya da ya fi kowanne kasuwa, wato Delhi da Agra da Jaifur. Daga Delhi zuwa Agra kimanin kilomita 230 ne, daga Agra zuwa Jaifur kimanin 240, daga Jaifur a koma Delhi kimanin 280. Kowace gaɓa tana cin awa huɗu zuwa biyar in an haɗa da tsayawa da cunkoson shiga gari. Rabin yini sau uku ke nan a kujerar mota. Kamfanin da ya cusa wannan zagaye a kwana huɗu tagar bas ya sayar maka.

Kwana ɗaya-ɗaya a kowane otal shi ne babban abin da ke kashe jiki. Tsarinsa kusan iri ɗaya ne ko'ina: a ajiye akwati a bakin ƙofar ɗaki wajen ƙarfe shida da rabi, karin kumallo ƙarfe bakwai, mota ta tashi ƙarfe takwas. Kayan da aka wanke da daddare ba su bushe ba, a tura su cikin leda a haka. Zuwa rana ta uku mutum ya daina buɗe akwatin gaba ɗaya, sai dai ya zura hannu ya laluba. A nan ake manta caja a jikin bango, a nan ake barin fasfo a cikin akwatin ajiya na ɗaki, sai an yi nisan kilomita ɗari a tuna. Jadawalin da ke da kwana ɗaya-ɗaya fiye da biyu a jere ba na sabon matafiyi ba ne.

Sai kalmomin da ake rubuta jadawalin da su, kuma da gangan ake zaɓen su. Inda aka ce za a shiga wuri, akwai tikiti kuma za a shiga. Inda aka ce za a ga wuri, yana iya zama daga waje. Inda aka ce za a tsaya ɗaukar hoto, minti goma ne ko sha biyar a bakin titi. Inda aka ce zagayen gari, galibi ba a sauka daga mota. A nemi kamfani ya rubuto sunayen wuraren da kuɗin shigarsu ke cikin farashin ɗaya bayan ɗaya, domin ko a wuri guda tikiti hawa-hawa ne. A Kwarin Sarakuna da ke Luksor a Masar, tikitin gama-gari kaburbura uku yake ba da damar shiga. Kabarin Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922 kuma baƙi da yawa dominsa suke zuwa, tikitinsa daban ne. Haka shiga cikin babbar dalar Giza: kuɗin harabar daban, na shiga cikin dalar daban. Kuma mai ciwon baya ko wanda ba ya jure ƙuntataccen wuri ya sani cewa a sunkuye ake hawa wani sashe na hanyar ciki, ga zafi ga ƙarancin iska, a ƙarshe a tarar da ɗaki na dutse babu komai a ciki sai akwatin gawa na dutse wanda ba shi da murfi.

Ranakun rufewa suna kayar da mutane fiye da yadda ake zato. Taj Mahal ba ya karɓar masu yawon buɗe ido ranar Juma'a. Gidan tarihi na Louvre a Faransa yana rufe ranar Talata, haka ma Fadar Topkapi a Istanbul, babbar rufaffiyar kasuwar birnin kuma ba ta ci ranar Lahadi. Gidajen tarihi na Fadar Vatican suna rufe ranar Lahadi in ban da ta ƙarshen wata, wadda ake shiga kyauta, kuma layin ranar sai wanda ya gani. Kamfanin ƙwarai ya san wannan ya tsara a kai. Matsalar takan taso ne in jirgi ya yi jinkiri jadawali ya gusa da kwana ɗaya, ko in mutum ya haɗa tafiyarsa da kansa. Aikin minti biyar ne: a ɗauki kalanda, a rubuta sunan ranar mako a gefen kowace rana ta jadawali, a duba ko babban wurin da aka je dominsa a buɗe yake.

Manyan wurare da yawa yanzu da lokaci suke sayar da tikiti. A Alhambra da ke Granada a Sifaniya, tikitin yana ɗauke da sunan mai shi, ana neman fasfo ko katin shaida a ƙofa, kuma an buga masa lokacin shiga sashen fadojin sarakunan Nasri, wanda shi ne zuciyar wurin. Wanda ya makara ya rasa, ba a sauya masa, kuma daga babbar ƙofa zuwa bakin fadojin akwai 'yar tafiya, don haka isa harabar a kan lokaci bai wadatar ba. A Machu Picchu da ke Peru an raba wurin zuwa hanyoyi ƙayyadaddu, tikitinka na hanya ɗaya ne, ba a komawa baya. Tsohuwar hanyar ƙafa ta Inka da ke kaiwa can mutum 500 kawai ake ba izini a rana, har da 'yan dako da 'yan jagora, kuma ana rufe ta duk watan Fabrairu. A irin waɗannan wurare ne kamfani ke cin kuɗinsa da halali: shi ke riƙe tikiti watanni kafin tafiya, shi ya san ƙofar da za a bi. Wannan ita ce babbar fa'idar hajar ga wanda bai san kan gari ba.

Ana ɗaukar yawon tarihi a matsayin mai sauƙi tunda cikin gari ne. Ƙafa ce ke biyan kuɗinsa. A Petra da ke Jodan, daga ofishin karɓar baƙi zuwa shahararren ginin nan da aka sassaƙa a jikin dutse kimanin kilomita biyu ne, fiye da ɗaya daga ciki a tsakanin duwatsu biyu masu tsawo. Wannan farkon wurin ne kawai. Mai son kaiwa ginin da ke can saman tsauni zai hau matakala sama da 800, sannan duk abin da aka taka a tafiya sai an sake taka shi a dawowa, da rana tsaka, hanyar fita kuma tana ɗan hawa. A tsoffin biranen Turai kuwa daɓen duwatsu ne da tsayuwa: minti ashirin a gaban wannan zane, minti goma a gaban wancan ginshiƙi. Tsayuwa ta fi tafiya gajiyar da baya. Takalmin da za a je da shi ya zama wanda aka riga aka taka na makonni, mai kaurin ƙasa. Sabon takalmi zai yi kanta a rana ta farko, kuma ƙafar da ta yi ciwo ba ta warkewa a cikin tafiya.

Zafi ma yana sauya jadawali. A Luksor da Aswan zafin bazara yana haura digiri 40, shi ya sa ake fita da duku-duku. Zuwa tsohon haikalin Abu Simbel daga Aswan kimanin kilomita 280 ne, ana tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, a yi fiye da awa uku a hamada, a yi kamar awa biyu a wurin, a juyo. Wurin ya cancanci wahalar, ko don ganin yadda aka yanka haikalin gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi sama tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi. Amma a tabbatar ba a ɗora wata doguwar tafiya washegari ba.

Ɗan jagora shi ne rabin hajar. Kango ba ya magana, in babu mai bayani duwatsu ne a jibge, kuma bayan haikali na huɗu duk sun zama ɗaya a ido. A tambayi abu uku: ko yana da lasisin ƙasar, ko da harshen da kake ji sosai zai yi bayani shi kaɗai (wasu kamfanoni kan haɗa masu harsuna biyu a mota ɗaya, sai kowane bayani ya zama rabi), da ko ana raba 'yar na'urar saƙalawa a kunne. In ayari ya wuce mutum sha biyar babu wannan na'ura, na baya ba sa jin komai. Yawan ayari yana cin lokaci ta wata hanyar kuma: mutum arba'in su sauka daga bas, su shiga bayan gida, su dawo a ƙirga su, rabin awa ta tafi, kuma kullum akwai mutum ɗaya da ake jira.

Aibin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne tsayawa a shaguna. Za a rubuta shi da suna mai daɗi, ziyarar masaƙar darduma ko wurin nuna yadda ake haɗa turare ko sassaƙa dutse. A zaunar da ku, a yi bayanin minti goma, sannan a buɗe ƙofar ɗakin sayarwa a tsaya awa guda. Akwai la'ada a kan duk abin da aka saya, shi ya sa farashin wurin ya fi na kasuwa, shi ya sa kuma wasu tafiye-tafiyen ke da arha har abin ya ba da mamaki. Araha ba ta ado. Tsayawa ɗaya a mako ba laifi, wani lokaci ma akwai abin koyo. Ɗaya kowace rana kuwa alama ce cewa da aljihunka aka cike giɓin farashin. A wannan layin ne kuma ake samun fita ta ganin dama da ake biya daban, da tukuicin direba da ɗan jagora wanda ake lissafawa kowace rana, da ƙarin kuɗin da ake ɗora wa mai kwana shi kaɗai a ɗaki, tunda farashin talla na mutum biyu ne a ɗaki ɗaya. Sai wurin da otal yake: otal mai tauraro huɗu a bayan gari, nisan minti arba'in daga tsakiya, bai kai mai tauraro uku da ke cikin tsohon gari amfani ba, domin da yamma in an sallame ku babu inda za ka taka da ƙafa.

Hutun daji yini ne mai wani fasali dabam. Ana ƙwanƙwasa maka wajen biyar da rabi, a fita ƙarfe shida cikin sanyi, mota a buɗe, kowa ya lulluɓa. Direba na tafiya a hankali yana leƙen ƙasa ta taga, yana karanta sawun da aka bari da daddare a kan rairayi, rediyon motar na ƙara ƙasa-ƙasa. Sai ya taka birki ya kashe inji ya nuna wata bishiya. Ba ka ga komai ba. Ka ɗaga madubin hangen nesa, ka bi reshe har ƙarshe, sai ga jela tana lilo, sannan sauran jikin damisa ya fito daga cikin inuwar ganye. Minti biyu ko uku, ta sauko ta shige ciyawa. Wannan shi ne abin da ake biyan kuɗin dominsa, kuma yana iya faruwa a safiyar farko, yana iya ƙin faruwa har a koma gida. Dala tana nan inda aka bar ta shekara 4,500 da suka wuce, damisa kuwa ba ta yi alƙawari da kowa ba. Duk kamfanin da ya ba da tabbacin ganin zaki da giwa da ɓauna da damisa da karkanda a kwana biyu, a yi hattara da sauran maganganunsa.

Daga wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya rana ta ɗaga, dabbobi sun shige inuwa, a koma masauki. Ba a sake fita sai uku da rabi ko huɗu. Waɗannan awanni huɗu zuwa biyar na tsakiya su ne ke raba masu son hajar da masu ƙinta. Wanda ya zo a gajiye da hayaniyar aiki zai same su kamar magani. Wanda ya saba da motsi, ga sabis ɗin waya babu ko kuma sai a ɗakin cin abinci, ga ba a yarda a fita yawo da ƙafa ba, zuwa rana ta biyu ya fara ƙirga sauran kwanaki. Dare uku shi ne daidai ga sabon zuwa: biyu sun yi kaɗan saboda fita huɗu kawai za a samu, ko ƙasa da haka in an iso a makare, biyar a wuri ɗaya kuma sun yi yawa.

Lokacin shekara a nan shi ne komai. Gandun Serengeti na Tanzaniya ya kusa murabba'in kilomita 15,000, kuma garken shanun dajin nan da ake kira nyumbu da Swahili, sama da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, kullum cikin ƙaura suke. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris suna kudu suna haihuwa. Tsallaka kogin Mara, hoton da ake sakawa a bangon kowace takardar talla, tsakanin Yuli da Oktoba yake faruwa, can arewa. Wanda ya kama masauki a kudu a watan Agusta zai ga fili fetal, garken yana nisan tafiyar yini guda. Afrilu da Mayu lokacin ruwa ne mai yawa, hanyoyi na caɓewa, wasu sansanonin ma rufewa suke yi, shi ne sirrin rangwamen da ake gani a watannin. Tambayar da za a yi wa kamfani ita ce a wane sashe na gandun masaukin yake, kuma ina dabbobin suke a wannan watan.

Tambaya ta biyu: a cikin gandun yake ko a waje? Masaukin waje ya fi sauƙin kuɗi, amma sai an yi tafiya zuwa ƙofa, a bi layin biyan kuɗi, kafin a shiga sa'a mafi kyau ta safiya ta wuce. Kuɗin shiga ma da awanni ake lissafa shi, a manyan gandayen Tanzaniya awa 24 ne, don haka makara wajen fita na iya jawo biyan kuɗin wata rana. Ta uku ita ce mota: mutum nawa, kuma kowa na da taga? Motar da aka saba tana ɗaukar shida ko bakwai, rufinta na ɗagawa. Wanda ya faɗa kujerar tsakiya ƙeyar mutane zai yi ta kallo. Madubin hangen nesa kowa ya riƙe nasa, mai lamba 8x42 ya wadatar, domin kafin a miƙo maka na wani abin ya wuce.

Akwai ƙananan abubuwa da takardar talla ba ta faɗa. In da ƙaramin jirgi za a shiga daji a gabashin Afirka, kaya kilo 15 ne galibi har da jakar hannu, kuma a jaka mai laushi, akwati mai tauri ba ya shiga ramin kayan. Wanda ya taho da kilo 23 na babban jirgi sai ya nemi inda zai ajiye rabi. Wutar sansani ta sola ce ko janareta mai ƙayyadadden lokaci, a wasu wuraren a ɗakin taro kawai ake caji, don haka batirin ajiya na da amfani, kuma a jakar hannu ake saka shi a jirgi. Tufafi baƙi da shuɗi suna jawo ƙudan tsando. Sanyi kuma yana ba mutane mamaki: bakin katafaren ramin Ngorongoro da ke Tanzaniya ya haura mita 2,200 a sama, da asuba sai da rigar sanyi mai kauri. A sansanin da ba shi da shinge ba a fita daga tanti da dare sai da ɗan rakiya, kuma kukan kura ko gurnanin dorina a bayan yadin tanti ba kowa ke iya barci da shi ba.

Shirin lafiya ya fi nauyi a wannan ɓangaren, kuma yana da lokaci. A ga likita mako huɗu zuwa shida kafin tafiya. Katin rigakafin cutar shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Magungunan kariya daga zazzaɓin cizon sauro kowanne da ƙa'idarsa: atovaquone-proguanil ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin shiga yankin a ci gaba kwana bakwai bayan fita, doxycycline sai an yi mako huɗu bayan fita kuma yana sa fata saurin ƙonewa a rana, mefloquine kuma makonni biyu zuwa uku kafin tafiya ake fara shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar an dawo gida. In hutun na kan tsauni ne, ciwon tsawo yana iya farawa daga mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, kuma ba ruwansa da ƙarfin mutum. Sama da mita 3,000 ba a so wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Wannan ya shafi masu yawon tarihi ma, domin birnin Kusko da ake sauka kafin Machu Picchu yana kusan mita 3,400, ya fi Machu Picchu ɗin kansa da ke mita 2,430. Inshora kuwa a karanta ko ta ƙunshi ɗauko mara lafiya da jirgi daga daji, wadda ba ta da wannan ba ta da amfani a inda asibiti ke nisan awa shida.

Dokokin daji ba na ado ba ne. A Yellowstone na Amurka, gandun ƙasa na farko da aka kafa a 1872, doka ta ce a bar tazarar mita 91 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, mita 23 da sauran dabbobi, kuma masu matsawa ɗaukar hoto da ɓaunar wurin su ne ke shan suka. Ganin goggon biri a Ruwanda ko Yuganda mutum takwas ake kaiwa wurin kowane garke a rana, awa ɗaya tak, ba a karɓar wanda bai kai shekara 15 ba, kuma mai mura ana iya mayar da shi saboda dabbobin na kamuwa da cututtukan mutane. Tafiyar neman su na iya zama awa ɗaya, tana iya zama yini, a cikin laka da hawa. Abu ne mai girma, amma ba za mu ba sabon matafiyi shawarar ya fara da shi ba.

Inda hajar biyu suka fi rabuwa shi ne ranar da abu ya ɓaci. A birni, in akwati bai iso ba akwai kanti, in ciki ya ɓaci akwai kantin magani a kusurwa, in katin banki ya ƙi aiki akwai wata na'urar a gaba, in abincin otal bai yi ba ka fita ka ci a wani wuri, in ka gaji ka bar ayari ka hau tasi ka koma ɗaki. A masaukin daji girki ɗaya ne, direba ɗaya, hanya ɗaya. In direban bai iya ba, ko maƙwabtan mota masu surutu ne, ko ruwa ya sauka kwana uku, kana nan tare da su har ranar tafiya, kuma an riga an biya komai. Ga kuɗin kowane dare yawanci ya fi na birni nesa, saboda komai da mota ko jirgi ake kai shi, ga kuɗin gandu a kai. Kuma yawon birni yana koya wa mutum tafiya kanta: canjin kuɗi, karanta taswira, hawa jirgin ƙasa, ciniki da wanda ba ku jin harshen juna. A daji ɗaukar ka ake yi a ajiye, ka dawo ka ga abin mamaki amma ba ka ƙaru da dabarar tafiya ba.

Duk da haka akwai waɗanda za mu juya wa shawarar. Mai ciwon gwiwa zai fi jin daɗin kallon namun daji daga mota fiye da matakalar Petra, in dai bayansa na jure girgizar hanya. Wanda cunkoso ke tayar wa hankali, ko wanda hutu yake nema na gaske, jadawalin ƙarfe shida da rabi zai dawo da shi gida a gajiye fiye da yadda ya tafi. Irin waɗannan su zaɓi daji mai sauƙin kai, wanda bai fi awa biyu ko uku daga gari mai asibiti ba. Gandun Kruger na Afirka ta Kudu misali ne mai kyau na tsaka-tsaki: akwai titunan kwalta, sansanoni masu shinge da kanti da gidan abinci, mutum na iya tuƙa kansa a gudun da bai wuce kilomita 50 a awa ba a kwalta, 40 a kan tsakuwa, sai dai a kiyaye lokacin rufe ƙofa, kuma yankin na da zazzaɓin sauro. Masu ƙananan yara su tambayi ƙa'idar shekaru tun kafin su biya, sansanoni da yawa ba sa ɗaukar yara ƙanana a motar fita.

Mai kwana takwas zuwa goma yana iya haɗa biyun, kuma jerin yana da muhimmanci: tarihi a farko lokacin da ƙafa ke da ƙarfi, daji a ƙarshe. Kwana biyar a birane biyu, uku a masauki ɗaya.

Kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami, a karɓi komai a rubuce: sunayen otal-otal ɗin, ba "ko makamancinsa" kawai ba, mafi yawan adadin ayari, mafi ƙarancin adadin da in bai cika ba za a soke tafiyar da ranar da za a sanar, da abin da ake mayarwa in kai ka fasa saura kwana 60, ko 30, ko bakwai. Kada a sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa sai kamfani ya tabbatar ayarin zai tashi. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye damar fasawa ba tare da asara ba in an ƙara farashi da fiye da kashi 8 cikin ɗari, kuma ba a ƙari in saura ƙasa da kwana 20, a sauran wurare abin da ke cikin takardar yarjejeniya shi ne kariyarka. Fasfo ya kasance da sauran wata shida da shafuka biyu da ba a buga komai ba, ƙasashe da yawa haka suke nema. Daren ƙarshe kuma a yi shi a garin da filin jirgin yake. Ƙananan jiragen daji suna sauya lokaci gwargwadon fasinjojin da za su kwasa a hanya, ruwan dare ɗaya na iya hana sauka a filin ƙasa, kuma babban jirgi, in tikitinsa daban aka saya, ba ruwansa da dalilin makararka.